Baba Na-Dama da Igiyar da Aka Warware

Duk ranar da yake da tashi, Baba Na-Dama yakan riga motar ma'aikata fitowa. Direban motar ya ce tunda yake ɗaukarsa bai taɓa danna masa hon ba. Da ya karyo kwanar layinsu zai hango shi tsaye a ƙofar gida, jaka mai taya a gefensa, hula a hammata, ya ɗaga kai yana nazarin sama kamar manomin da ya yi shuka jiya. Idan ya shiga sai ya gaida kowa, ya tambayi direba ciwon ƙafar mahaifiyarsa, sannan ya wuce kujerar baya ya bar wa manya gaba. A filin jirgi kuwa, kafin kyaftin ya gama kurɓar shayinsa, Baba ya riga ya duba labarin iska da hadari, ya duba man da aka zuba wa jirgi, ya ɗora rigar nan mai ƙyalli ya sauka ya zagaya jirgin da ƙafa, yana leƙa taya, yana leƙa inji, yana tsokanar makanikai. Sai ya hau ya zauna a kujerar dama.

Da baƙin gashi ya fara zama a kujerar nan. A kanta ya yi furfura, a kanta kuma ya ajiye aiki bara.

Ga wanda bai sani ba, kujera biyu ce a gaban jirgi. Ta hagu ta kyaftin ce, shi ke da magana ta ƙarshe, kuma igiya huɗu ce mai ruwan zinariya a hannun kwat ɗinsa da kafaɗar rigarsa. Ta dama ta mataimaki ce, igiyarsa uku. Su biyun duk suna tuƙi. A yadda aka saba, mutum yakan yi 'yan shekaru a dama, sai a tura shi kwas, a gwada shi, a ƙara masa igiya ɗaya ya koma hagu. Kowa da haka ya wuce. Baba ne kaɗai ya daɗe a wurin har kujerar ta zama sunansa.

Ni tela ce. Shagonmu ne ke ɗinka wa kamfanin jirgin kayan ma'aikatansa, yana bayan ofishinsu, kusa da wurin ajiye motoci. Uwar ɗakina ce mai shagon, ita ke yanka, ni ke ɗora igiya. Ban iya kallon fuskar manya ba, don haka da hannun riga na san matuƙan kamfanin nan. Farar rigar mataimaki a gwiwar hannun dama take fara cinyewa, wajen da yake jingina da taga, ta kyaftin kuma a hagu. Rigunan Baba duk a dama suka cinye. Na yi musu faci har na san inda zare zai fara buɗewa tun bai buɗe ba.

Lokacin da kamfani ke ɗaukar sababbin matuƙa, ta tagar shagonmu muke ganin komai. Samari ne ke cika bencin ƙofar ofis, wasu da takalmin aro, kowa ya rungume takardunsa. Da yawa za su zo, ƙalilan za a ɗauka. Manya sukan wuce su kamar sun wuce tukwanen fure. Baba kuwa, in dai ba ya sama, sai ya zo da fulas ɗin shayi ya kutsa tsakiyarsu ya zauna. Zai ba su labarin jirgin gwaji, wato ɗakin nan da ke tsaye a kan ƙafafun ƙarfe, wanda ake shiga a yi kamar ana tuƙi alhali ana ƙasa. Zai gaya musu inda masu gwaji ke kashe inji da gangan don su ga ko mutum zai ruɗe. Abin da ya fi nanata musu shi ne, in ka yi kuskure a ciki ka riga mai gwaji faɗa, domin ba wanda ba ya kuskure ake nema ba, wanda ba ya ɓoyewa ake nema. Ya yarda da wannan magana har cikin ransa. Daga baya muka gane a cikin ɗakin gwaji kaɗai take aiki.

A kan bencin nan ya tsinci wani siririn saurayi da wandonsa bai kai idon sawu ba. Ya jawo shi shagonmu ya ce a sake masa kalmasa kafin a kira shi ciki. Uwar ɗakina ta dubi wandon, ta dubi ƙafar, ta ce wannan ko an jiƙa shi an sa mota ta ja ba zai kai ba. Baba ya yi dariya, ya ce to a ba shi nasa da ya kawo gyara. Da wandon Baba saurayin ya shiga, da shi aka ɗauke shi aiki. Shi ne mafi ƙanƙanta a cikin waɗanda aka ɗauka a shekarar, sai aka riƙa ce masa Auta. Bayan wasu shekaru kuma wata budurwa ta zo ta zauna a ƙarshen bencin ita kaɗai, samarin duk sun matsa sun bar fili tsakaninsu da ita. A filin nan Baba ya zauna, ya zuba mata shayi. Ita ma an ɗauke ta. Har yau 'Yar Baba ake kiranta.

Baba, kai ne inuwar bencin nan. Rabin masu igiya huɗun kamfanin, a murfin fulas ɗinka suka sha shayin farko.

To me ya hana shi tasa igiyar? Tun ina sabuwa a shagon nake wannan tambaya a raina, har ranar da uwar ɗakina ta warware mini. Kamfani ba ya haɗa sabon kyaftin da sabon mataimaki a jirgi ɗaya. Duk wanda aka ƙara wa girma, a watanninsa na farko sai an haɗa shi da mataimakin da ya fi kowa gogewa, don ya zama masa ido. Wannan tsari ne mai kyau, ba wanda zai ce ba haka ba. Sai dai mataimakin da ya fi kowa gogewa kullum mutum ɗaya ne. Duk lokacin da layi ya zo kan Baba, sai babban matuƙi, wanda ke shugabantar dukkan matuƙa, ya kira shi ofis ya dafa kafaɗarsa, ya ce ya yi haƙuri, an sayo sababbin jirage, ga sababbin kyaftin nan a hanya, wa zai zauna da su? Zagaye mai zuwa nasa ne. Baba zai ce babu komai. Zagaye mai zuwa ya zo, a sake dafa kafaɗar.

Matuƙan suna da wata ɗabi'a a tsakaninsu. Ranar da sabon kyaftin ya yi tashinsa na farko a hagu, in an sauka lafiya, sai ya ciro tsofaffin igiyoyinsa uku na kafaɗa daga aljihu ya miƙa wa mataimakin da ya raka shi, a matsayin godiya. Wani mataimakin har ya bar kujerar dama sau ɗaya zai karɓa, wani ma bai taɓa karɓa ba. Baba gwangwanin biskit ya samu yana zubawa. Matarsa, wadda muke kira Mama, ta ce har sai da murfin ya daina rufuwa. Mace ce mai ban dariya. Ta taɓa ce wa uwar ɗakina ita da kamfani kunnen doki suka yi, kowa da igiya uku ya ɗaure shi, amma ita ko ba komai tana ba shi abinci da zafinsa. Muka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Ana nan, Auta ma ya wuce shi. Ni na ɗora wa Auta igiya ta huɗu, Baba na zaune a kan kujerar shago yana jiran facin rigarsa, yana ce mini in miƙe ta da kyau, yaron nan a hannunsa ya tashi.

Akwai kuma wata doka. In mutum ya kai wasu shekaru, kamfani ba ya ƙara masa girma, wai abin da ya rage masa na aiki bai kai a wahala a kansa ba. Baba ya matso bakin shekarun. Saura zagaye ɗaya tak. In ya wuce shi, ya wuce har abada. Kowa ya san haka, daga ofis har masu shara. Wasu kyaftin suka taru suka je suka yi magana, kunya ta kama ofis, aka sa shi a cikin masu tafiya kwas.

Mama ta ce a watannin nan gidansu ya koma makaranta. Kyaftin da hannun hagu yake riƙe jirgi, Baba kuwa duk rayuwarsa da dama ya riƙe. Sai ya zauna a kujerar falo da lema a hannun hagu yana juya ta, yana magana shi kaɗai, jikokinsa suna bayansa sun jera kujeru wai su fasinjoji ne. Ya je kwas da sa'o'in 'ya'yansa. Ya ci. Aka gwada shi a ɗakin gwaji, aka gwada shi a sama, ya ci. Abin da ya rage kawai ranar da ofis zai tara su ya sanar. Kafin ranar akan kawo kwat shago a ɗora igiya, a rataye shi a nan, sai da safen ranar mai shi ya zo ya ɗauka.

Tare da Mama suka kawo kwat ɗin. Uwar ɗakina ta miƙe ta ce sannu da zuwa Kyaftin. Ya ce kada ta kira shi da sunan da bai iso ba tukuna. Ta ce to sai dai Na-Hagu, don Na-Dama kam ya mutu an binne. Ya yi dariya har yana share ido. Na shimfiɗa hannun kwat ɗin, na ja layi da alli a saman igiya ta uku, na ɗora sabuwa. Na bi ta da keke, sannan na bi bakinta da allura da hannu, ɗinki ƙanana a matse, abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Na goge, na rufa masa leda, na rataye shi a gaba inda duk mai shigowa zai gani.

Kafin ranar sanarwa yana nan a dama, yana aiki da tsohon kwat. Aka haɗa shi da Auta, wanda bai daɗe da komawa hagu ba. Abin da ya faru, daga bakin Auta muka ji, a cikin shagonmu, yana zaune a kan kujerar da Baba ke zama.

Da rana ne, suna dawowa, jirgi cike da mutane, hadari ya riga su isa filin. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, iska tana tura su gefe. Auta ne ke tuƙi. Ya ce ya san sun yi sama da yawa, gudunsu ma ya yi yawa, amma ya hango titin jirgi ta cikin ruwan, sai ya ƙudurta sai ya sauka. Baba ya ce masa su fasa, su sake zagayowa. Ya ji, bai amsa ba. Baba ya sake faɗa. Auta ya ce wallahi ya ji, amma hannunsa ya ƙage, kamar ba nasa ba. Sai ya ji muryar Baba a hankali, kamar mai cewa a miƙo masa gishiri.

"Jirgi a hannuna."

Baba ya ba injina wuta, jirgin ya ɗaga kai ya koma sama, titi ya ƙare a ƙarƙashinsu. Suka yi ta zagaye a saman gajimare har hadarin ya ja gefe. Auta ya ce ya zauna yana jiran zagi. Sai Baba ya miƙa masa gorar ruwa, ya jira ya sha, ya tambaye shi ko hannun ya dawo. Ya ce ya dawo.

"To Kyaftin, ga jirginka. Sauke mu, Mamanku na jirana."

Auta ne ya sauke jirgin. Fasinjoji suka yi ta tafi. Masu fita suna leƙowa suna cewa a gode wa kyaftin, Allah ya yi masa albarka. Baba yana gefe yana kashe maɓallai.

Fasa sauka ba laifi ba ne, kullum ana yi, ba wanda zai tambayi hannun wa ya ɗaga jirgin. Da Baba ya yi shiru, da maganar ta mutu a nan. Abokansa sun ce masa ya yi shirun, ko da har a yi sanarwa ne, daga baya ya faɗi abin da yake so. Mama ma ta ce ta roƙe shi. Ta ce masa duk rayuwarsa yana ɗaukar kayan wasu, wannan karon ya ajiye na 'yan kwanaki kawai. Ya ce mata ba Auta ne damuwarsa ba. Akwai wasu da aka ƙara wa girma tare da Auta, da irin gaggawar da aka yi masa, kuma gobe ma suna da tashi, ba kuma shi ne a damansu ba.

Ya kama hannun Auta suka shiga wurin babban matuƙi tare. Auta ya faɗi kuskurensa da bakinsa, kamar yadda aka koya masa a kan benci. Baba ya ce yaron matuƙi ne na gaske, kada a taɓa igiyarsa, amma an yi saurin tura shi hagu, shi da 'yan zagayensu, a mayar da su ɗakin gwaji a ƙara musu horo. Babban matuƙi ya saurara, ya gyaɗa kai, ya yi godiya sosai. Ya ce za a yi yadda ya ce. Sannan ya taso ya zagayo tebur ya dafa kafaɗarsa.

"Ka gani ko, Na-Dama? Da ba kai ne a kujerar nan ba, da yanzu wani labarin ake yi. Ta yaya zan ɗauke ka daga wurin a wannan lokaci? Ka ba mu zagaye ɗaya."

Baba ya ce ranka ya daɗe, zagaye mai zuwa shekaruna sun wuce. Babban matuƙi ya ce za a duba.

Ba a duba ba. Ladan da aka ba mutumin da ya ceci jirgi cike da mutane ke nan.

Washegari masinjan ofis ya leƙo shagonmu, bai ko shigo ba, ya ce an ce a cire igiyar da aka ɗora a kwat ɗin Na-Dama. Uwar ɗakina ta ajiye almakashi ta ce ya koma ya gaya wa wanda ya aiko shi ya zo da kansa ya cire, in yana da fuskar. Kwat ɗin ya ci gaba da rataya a gaba. Ranar sanarwa ta zo, sauran suka zo da safe suka ɗauki nasu, kowa yana kauce wa kallon wanda ya rage.

Da la'asar Baba ya shigo. Ya gaishe mu kamar kullum, ya sauko da kwat ɗin da kansa, ya cire ledar, ya shimfiɗa a gabana. Uwar ɗakina ta ce a shagonta ba za a yi wannan ba. Ya ce Hajiya, doka ba ta yarda in sa abin da ba a ba ni ba, tsohon kwat ɗina kuma ya mutu, gobe ina da tashi. Ta ce to za ta yanka masa sabo fil a daren nan, kyauta, wannan a ajiye shi yadda yake. Ya ce a'a, wannan yake so. Ya juyo gare ni.

"'Yata, ke kika ɗora, ke za ki cire. Yi a hankali, kada ki yanke hannunki."

Na ɗauki reza. Ɗinkin da na matse don kada ya taɓa buɗewa, shi ya zame mini wahala. Ɗaya bayan ɗaya na riƙa tsinke shi, hannu na dama, sannan na hagu, yana zaune yana kallon waje. Da igiyar ta fita, sai ga sawunta a jikin yadin, layi biyu na hudar allura sun zagaye hannun, a saman igiya ta uku. Na sa dutsen guga da ruwa, na goga, na sake gogawa. Bai ɓace ba. Ya ce in bar shi haka.

Da wannan kwat ɗin ya ƙarasa shekarun aikinsa. Duk wanda ya miƙa wa hannu sai ya ga sawun. Babban matuƙi ya aiko an ce masa kamfani zai ɗinka masa sabo, Baba ya ce a gaya masa ya gode, wannan bai yage ba. Aka sake aikowa, ya sake ba da amsar. Iyakar faɗan da ya yi da su ke nan.

Ba zan ce abin bai ci shi ba, don ƙarya ne. Direba ya ce ya daɗe bai yi wasa a mota ba. Mama ta ce ya rame, ya daina zama a kujerar falon nan, lemar ma ya bayar. Ta ce wata rana jikansa ya ɗauko gwangwanin biskit yana wasa da igiyoyin, Baba ya daka masa tsawar da bai taɓa yi wa kowa ba, daga baya ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Amma da aka sake ɗaukar sababbi, muka leƙa ta taga, sai ga shi a tsakiyar benci da fulas. Yana gaya musu in sun yi kuskure su riga mai gwaji faɗa. Uwar ɗakina ta ja tsaki ta ce wannan mutum ba ya jin magana. Na ga tana share ido da gefen mayafi.

Baba, kai ne ka faɗi gaskiya ranar da shiru zai ba ka abin da ka jira duk rayuwarka. Akwai mutanen da suka koma gida ranar nan suka ci abinci da 'ya'yansu, ba su san fuskarka ba, wani suka yi wa addu'a. Akwai waɗanda suka hau jiragen sauran yaran da aka mayar horo, su ma ba su san akwai abin godiya ba. Ni na sani, don ni na riƙe rezar.

Ranar tashinsa na ƙarshe Auta ne kyaftin, shi ya nemi a haɗa su. In kyaftin zai yi ritaya, motocin kashe gobara sukan tsaya gefe da gefe su feso ruwa sama ya yi baka, jirginsa ya bi ta ƙarƙashi. Auta ya roƙa a yi wa Baba. Ofis ya ce wannan na masu igiya huɗu ne. Jirgin ya shigo a bushe. Da fasinjoji suka gama fita, Auta ya tashi daga kujerar hagu, ya ce Baba ya zauna ko sau ɗaya a ɗauke shi hoto. Baba ya dubi kujerar, ya ce wadda ba a ba shi a sama ba, ba zai are ta a ƙasa ba. Ya ɗauki hularsa ya fita.

An yi ɗan taro a ɗakin cin abincin ma'aikata. Babban matuƙi ya yi jawabi, ya ce samun irin Na-Dama sai an tona, ya miƙa masa ɗan jirgin roba a kan katako. Mama ta karɓa ta juya shi, ta tambaya ko wannan ma a dama zai zauna. Ba wanda ya san inda zai sa idonsa.

Bayan 'yan kwanaki ya zo shagonmu da kayan gida, ba kwat ba hula, gwangwanin biskit a hannunsa. Ya juye shi a kan teburin yanka. Igiyoyi uku-uku suka cika teburin, wasu sun dushe, wasu kamar jiya aka ɗinka. Yawancinsu ɗinkina ne. Ya ce a wanke, duk sabon da ya kai matsayin a ɗora masa, kayan kirki ne, duk sun kai masu su hagu.

Igiyar da na cire tana cikin gwangwanin allurata tun ranar. Na ciro ta, na miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa, ya shafa ta da babban yatsa, ya daɗe yana kallo. Sai ya mayar mini.

"Ajiye wa ƙanwar Auta. Layi ya kusa zuwa kanta. Ki matse ɗinkin kamar yadda kika yi mini."

'Yar Baba yake nufi. Na ce to.

Baba, na gode. Mun gode, mu da muka sani da waɗanda ba su sani ba. Allah ya ba ka lafiyar hutawa, ya sa Mama ta ga dariyarka ta dawo. Ku kuma samarin da ke kan benci yanzu, in za ku yi koyi da wani, ga shi nan. Ku riga mota fitowa, ku zagaya jirgi da ƙafarku, ku faɗi gaskiya ko da ranar ba ta yi muku daɗi ba.

Amma sauran maganata da ku ce, masu igiya huɗu, har da kai Kyaftin Auta, tunda na ji yanzu kana cikin masu zama a yanke wanda za a ƙara wa girma. Makon jiya 'Yar Baba ta kawo farar rigarta a yi mata faci a gwiwar hannun dama. Tun da Baba ya tafi, ita ce mataimakiyar da ta fi kowa gogewa, duk sabon kyaftin da ita ake haɗa shi. Ta buɗe jaka za ta ciro rigar, sai na hango wani ɗan gwangwani a ciki. Uwar ɗakina ta tambaye ta labarin kwas. Ta yi murmushi ta ce an kira ta ofis, an ce ta yi haƙuri, zagaye mai zuwa nata ne.

Kun sha shayin mutumin nan. Kun ga hannun kwat ɗinsa shekara da shekaru. Kada ku bari a sake yin wani Na-Dama, ɗaya ya isa.

Igiyar tana nan, na zura zare a allura ina jira. Rezar kuwa na jefar. Duk wanda zai sake aikowa a warware, sai ya zo da tasa, ya warware da hannunsa.